Kwandalar da Manniru Ya Tsinta a Kujerar Mota

Manniru ɗan baduku ne daga wani ƙauye a yankin Ƙanƙara. Tun yana ƙarami hannunsa ya saba da fata da basilla, yana zaune gefen mahaifinsa ana ɗinkin takalma da kuben wuƙa. Da kayan roba suka cika kasuwa sana'ar ta daina ciyar da gida, sai ya hau bayan motar tumatir ya sauka a Zuba, bakin Abuja, shekara ta 2008. Ya yi dako, ya tura baron rake, ya yi wankin takalmi a bakin sakatariya. Daga ƙarshe ya faɗa unguwar makanikai ta Apo, wajen wani dattijon Bayarabe mai ɗinkin kujerun mota, ya zauna ƙarƙashinsa shekara biyar. Da ya samu 'yanci ya kafa tasa rumfar ta kwano, ya sayi tsohon keken ɗinki, ya yi aure, ya kama ɗaki a Waru shi da matarsa Mariya.

Ba mutum ne mai fara'a ba. Magana ɗaya yake yi a ciniki, in ka so ka bar mota, in ba ka so ka ja abarka. Amma ɗinkinsa ba ya warwarewa, don haka ma'aikatan gwamnati suka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu a ofisoshinsu. Yana karɓar aikinsu yana jin haushinsu. Sukan tsaya masa a ka da hankici a hanci, suna waya da Turanci suna ambatonsa kamar ba ya wurin, alhali shekarun da ya yi a Abuja sun isa ya gane in ana raina shi.

Maƙwabcin rumfarsa Kingsley ne, mai sayar da kayan mota na hannu. Tsakaninsu akwai tsohuwar tsama. Kingsley kan jibge injuna har su shiga gaban rumfar Manniru, baƙin mai ya riƙa gangarowa yana ɓata masa soso da ledar rufe kujera. An yi ƙara wajen shugaban layin ya fi sau uku. Suna gaisawa, amma gaisuwar ba ta wuce leɓe.

Wata Litinin cikin damina wani mataimakin darakta a ɗaya daga ma'aikatun tarayya, Farouk, ya kawo jif ɗin da ya saya kwanan nan a hannun wani. Ya zo da ledarsa da ya zaɓo da kansa, ya ce a sake wa kujerun riga gaba ɗaya, ya ba da mako biyu, ya shiga motar abokinsa ya tafi.

Manniru ya kwance kujerar baya ya fito da ita rana. Yana yaye tsohuwar ledar sai yatsansa ya ci karo da wani abu mai tauri a cikin wata tsaga ta soson. Ya zaro. Ƙullin tsumma ne da ya yi baƙi saboda daɗewa. A ciki akwai kwandala guda, ta fi duk kuɗin ƙarfen da ya taɓa gani faɗi, ga nauyi. Gefe ɗaya hoton wata mata ce mai jiki da lulluɓi a kanta, ɗaya gefen kuma tsuntsu mai kai biyu ya baje fukafukai. Rubutun da ke kewaye bai iya karanta shi ba, amma lambobi ya san su: 1780.

A shekarunsa na wannan aiki ya sha tsintar abubuwa a kujera, biro, carbi, ɗan kunne, makulli, ya kan ajiye wa mai mota. Wannan kam ya juya ta a tafin hannu sau biyu, ya waiga, ya zura a aljihun wando. Bai ce a ransa zai riƙe ba, bai kuma ce zai mayar ba.

Da yamma ya nuna wa Mariya tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki. Ta karɓa ta duba, ta miƙa masa.

"Baban Kauthar, ai wannan tsintuwa ce. Ka kira mai motar ka faɗa masa."

"Motar ta hannu ce. Shi kansa bai san da ita ba."

"To sai ya tambayi wanda ya sayar masa. Ko ba komai ka yi cigiya."

"Na ce miki zan cinye ne? So nake in san mece ce tukuna. In ƙarfen banza ne, in kira babban mutum a kan ƙarfen banza?"

"In kuma ba na banza ba ne fa?"

Ya ɗaure fuska ya ce ta kawo masa ruwa. Ta tashi ta kawo.

Kwana uku yana gwaje-gwajensa a ɓoye. Ya ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika ya kanga, kwandalar ba ta kama ba. Ya sake ta a kan siminti, ta yi wani ƙara siriri mai tsawo wanda ba irin na ƙarfe ba. Ya goge ta da toka da lemon tsami, ta yi fari tas. Duk wannan ya gaya masa ba gwangwani ba ce, amma bai gaya masa darajarta ba. Wayarsa ƙarama ce, ta kira da amsawa. Wanda ya fi kusa mai babbar waya kuma mai karanta Turanci shi ne Kingsley. Ya yi ta jinkiri, a rana ta huɗu ya kira shi bayan rumfa.

Kingsley ya ɗauki hoton gaba da baya, ya yi ta latse-latse. Manniru ba ya kallon wayar, fuskar mutumin yake kallo. Ya ga lokacin da idonsa ya tsaya cak a kan wani abu, ya ga kuma lokacin da ya gyara fuska ya kife wayar a ƙirji.

"Malam Manniru, wannan abu jabu ne. Suna yi shi plenti a waje. Amma kawo, zan ba ka dubu biyar, yarona zai yi wasa da shi."

"Jabu kake saye dubu biyar?"

"Don kai maƙwabci ne."

"Nuna min abin da ka gani."

Kingsley ya yi dariya ya sa wayar a aljihu. Da ya ga Manniru ya ƙulle kwandalar a tsummanta zai wuce, sai ya riƙo hannun rigarsa ya sassauta murya. Ya ce to gaskiya, akwai irinta da aka sa wa farashin dala dubbai, ya san wani mutum a Legas mai sayen tsoffin kaya, amma sai an raba biyu. Manniru ya fizge rigarsa.

"Minti ɗaya da ya wuce jabu ce. Yanzu kuma a raba biyu. Ko ƙwayar gero ba za ka gani ba."

"Za mu gani," in ji Kingsley.

Kafin la'asar duk layin ya ji. Washegari labarin ya tsallaka layin masu fenti da na masu walda, kuma duk inda ya sauka sai ya ƙara kumbura. Wani ya ce miliyan ashirin, wani ya ce hamsin. Wani ya rantse akwai wani sinadari a cikin irin waɗannan kuɗin da Turawa ke nema ido rufe. Mutanen da ba su taɓa yi wa Manniru sallama ba suka riƙa zuwa suna zama a bencinsa, kowa da wanda ya sani mai saye. Yana korarsu ɗaya bayan ɗaya, wasu da magana, wasu da harara. Ya daina barin kwandalar a gida, ya daina barinta a rumfa, ya ɗinka mata ɗan aljihu a cikin wandonsa. Aikin jif ɗin ya tsaya, kujeru a yaye, leda a naɗe.

A rana ta tara direban ofishin Farouk ya zo duba ko aiki ya yi nisa. Manniru ya tafi sallar azahar. Kingsley ne ya tare direban, ya saya masa lemo, suka daɗe suna magana.

Ba a yi awa biyu ba Farouk ya iso da kansa, da katin ofis rataye a wuya. Bai yi sallama ba.

"Kai ne ka ɗauki abu a motata?"

Manniru ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki. Makanikai sun fara matsowa suna goge hannu da tsumma.

"Na tsinci abu a cikin soso, oga."

"Ka tsinta. Yau kwana nawa? Kana da lambata ko ba ka da ita? Na bar maka mota ta miliyoyi na tafi, ashe ɓarawo na bar wa."

Kalmar ta sauka a gaban mutum fiye da talatin. Manniru ya miƙe tsaye, almakashi na hannunsa, sai da ya lura mutane na kallon hannun sannan ya ajiye.

"Tunda naka ne, yallaɓai, faɗa wa mutanen nan. Hoton me ke jiki?"

Farouk ya dubi direbansa, direban ya dubi Kingsley.

"Ba ka sani ba," in ji Manniru. "Ba ka taɓa ganinta ba. Jiya ba ka san da ita a duniya ba, yau an ce maka miliyoyi, ka baro ofis a guje."

"Duk abin da ke cikin motata nawa ne, har ƙurar da ke ciki. Ko ka fito da shi yanzu, ko in kira 'yan sanda su fito da shi daga jikinka."

Ya ciro waya ya fara neman lamba. A nan ne shugaban layin, Nuraddeen, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya kutso tsakaninsu. Ya ce ba a kawo 'yan sanda layinsa a kan abin da ba a ma san ko mene ne ba. Ya ce a ba shi kwandalar ya riƙe, gobe da safe su tafi kasuwar Wuse wajen masu gwal, a gwada a gaban kowa, sannan a yi maganar mai ita. Manniru ya shiga bayan labule ya farke aljihun da ya ɗinka, ya fito ya danƙa wa Ciyaman ƙullin. Yadda ya fito da ita daga cikin wando ya sa wasu suka yi ƙus-ƙus, ya kuwa ji su.

Washegari suka tafi a motar Ciyaman. Farouk ya zauna gaba, Manniru a baya. Kingsley ya zo zai shiga, Manniru ya ja ƙofa ya rufe, ya ce in wannan mutumin ya shiga shi zai fita. Suka bar shi tsaye, amma da suka isa Wuse sai ga shi ya biyo su a tasi.

Ciyaman ya kai su shagon wani dattijo, Alhaji Abdulmajeed, wanda iyayensa maƙeran azurfa ne kuma ya fi shekara arba'in yana sayen gwal da azurfa. Dattijon ya karɓi ƙullin ya kwance, ya ɗan yi murmushi. Ya ɗora kwandalar a kan ƙaramin sikeli ya ce giram ashirin da takwas. Ya goga gefenta a jikin wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen da ta bari, ya jira. Ya sa gilashi a ido ya bi rubutun da ke bakinta a hankali. Ya ɗora ta a kan yatsa ya ƙwanƙwasa da wata, ya kasa kunne.

"Azurfa ce," ya ce. "Ba jabu ba ce."

Farouk ya gyara tsayuwa.

"Shekara ɗari biyu da arba'in da wani abu ke nan," in ji Farouk. "Nawa take yi, Alhaji?"

"Wa ya ce maka shekararta ke nan?"

"Ga shi a rubuce."

Dattijon ya ja wata durowa, ya ɗauko gwangwani, ya juye a kan tebur. Kwandaloli bakwai suka zubo, kowace da matar nan mai lulluɓi, kowace da tsuntsu mai kai biyu. Ya tura musu su duba. Duk 1780.

"Liyari iyayenmu ke ce mata," ya ce. "Fatake ne suka riƙa shigowa da ita tun kafin zuwan Turawa. Mutane sun yarda da ita a wannan kamar, in aka canza ko lamba ɗaya ba sa karɓa, don haka masu buga ta suka ci gaba da sa wannan shekarar ko yaushe aka buga. Sun buga ba adadi. Kakata tana da guda uku a wuyanta. Mahaifina ya narka da yawa ya yi awarwaro. Wannan taku, da gani ba ta tsufa sosai ba, dubi yadda gashin tsuntsun bai goge ba. Kuɗin azurfarta za a biya. Zan ba da dubu talatin."

Kingsley, da ke leƙe daga bakin ƙofa, ya turo waya ta saman kafaɗar Ciyaman.

"Baba, ka duba nan. Dala dubu nawa aka rubuta."

Dattijon bai ko karɓa ba. Ya ce akwai 'yan ƙalilan na bugun farko da masu tara kayan tarihi ke nema, amma suna da alamominsu, kuma wannan ba ta da su. "In wayar ce ta yi maka wannan farashin, sai ka sayar mata."

Farouk bai yarda ba. Ya ce baki aka haɗa, Ciyaman ne ya zaɓi shagon. Ya karɓi kwandalar ya ja su wani shago a wani layi, na wani matashi mai na'urar gwaji. Aka sa ta a na'ura, aka ce azurfa ce, aka taya ƙasa da abin da dattijon ya faɗa. A shago na uku ko gwadawa ba a yi ba, mai shagon ya kalla ya ce yana da irinta.

Suka fito bakin titi inda aka ajiye mota. Farouk na duba agogo yana tsaki, yana cewa ya bar taro a ofis saboda shirme. Manniru ya sha gabansa.

"Oga, saura magana ɗaya. Ka kira ni ɓarawo a gaban mutanen da nake zaune da su shekara goma sha biyar. Za ka koma can ka janye."

"In janye me? Ko kwabo ne, ka gani, ka ɗauka, ka ɗinke a wandonka kwana tara. Da miliyan hamsin ɗin ce, da na sake ganinka a Apo?"

Abin da ya fi ƙona wa Manniru rai shi ne tambayar ta taɓa inda shi kansa bai so ya duba ba. Ya ce, "Ni dai na san abin da ke jikinta. Kai ko wannan ba ka sani ba." Farouk ya yi dariyar raini ya kewaye shi.

Ciyaman ya yanke cewa tunda a motar Farouk aka samu, ya riƙe, amma ya nemi wanda ya sayar masa da motar ya sanar da shi. Farouk ya jefa kwandalar a aljihun gaba tare da makullai, ya tare tasi ya tafi. Ko ya kira mutumin ko bai kira ba, ba wanda ya sani a Apo.

Da Manniru ya koma rumfa, ya fito da kujerun jif ɗin a yaye kamar yadda suke ya jera a bakin hanya, ya ɗora naɗin ledar a kai, ya aika wa direban cewa su zo su kwashe kafin ruwa ya sauko, shi ba zai sa allura a kansu ba. Sannan ya juya kan injunan Kingsley da suka shigo gabansa. Ya kama na farko ya ja shi a ƙasa har tsakiyar hanya, ya dawo ya kama na biyu. Kingsley ya fito da sanda, aka rirriƙe su, rigar Manniru ta yage har ƙugu. Ƙungiyar layin ta rufe rumfarsa mako guda, ta Kingsley kwana uku.

A gida Mariya ta ɗinke rigar ba ta ce uffan ba. Da ta ce masa ai na faɗa maka, da ya samu wanda zai yi wa faɗa. Shirun nata ya fi ba shi haushi, ya yi kwanaki yana amsa mata da kalma ɗaya.

Bayan an buɗe rumfar, motocin ma'aikata suka fara raguwa. Yadda sunansa ya yi yawo a ofisoshi da alheri, haka ya yi yawo da wannan labarin, kuma a can ba wanda ya damu da cewa kwandalar ta dubu talatin ce. Wasu da suka ci gaba da zuwa sukan kwashe komai daga mota a gabansa, har tabarmar sallah, su kulle a but ɗin wata motar. A layin kuma aka laƙaba masa Mai Miliyan, in ya wuce a kira a kwashe da dariya. Wata takwas ya jure, yana zaune taku biyar daga Kingsley ba gaisuwa. Bayan ƙaramar sallah ya kwance kwanon rumfarsa, ya ɗora keken ɗinkin a akori-kura, ya mayar da iyalinsa Tungan Maje, kusa da Zuba.

Yanzu yana da rumfa a bayan tashar Zuba, yana gyara kujerun bas-bas da na manyan motocin da ke kawo lemo da ayaba. Aikin ya fi wahala, ribar ba ta kai ta da ba, direbobin kuma ba su damu da kyan ɗinki ba, su dai kada soso ya fito. Duk wanda ya kawo mota, Manniru ba ya barinsa ya tafi sai an kwance kujeru a gabansa. Ya kan zura hannu cikin kowace tsaga, ya juye abin da ya fito a cikin wani tsohon kwanon sha, ya miƙa wa mai motar ya ce ya duba da kyau. Direbobi na ƙorafi, suna cewa lodi na jiransu, me za su yi da ɓawon gyaɗa da murfin kwalba. Sai ya tsaya da kwanon a hannu har su karɓa, sannan ya zauna kan keke ya fara aiki.